Karachi: Birnin da ke ciyar da Pakistan, yana sayen ruwan sha a tanka

A tsohon garin Karachi akwai wasu unguwanni biyu da ke jingine da juna, Kharadar da Mithadar. Sunan ta farko na nufin ƙofar ruwan zartsi, na ta biyu kuma ƙofar ruwan daɗi. Asalinsu ƙofofin ganuwa ne, ganuwar ƙasa da aka kewaye garin da ita a ƙarni na 18. Ɗaya tana kallon teku, ɗayar tana kallon kogin Lyari inda ake samun ruwan sha. Ganuwar ta daɗe da ɓacewa, sunayen ne suka rage. Garin da a wancan zamani mutum zai zaga shi da ƙafa kafin hantsi ya dubi ludayi, yau ƙidayar shekarar 2023 ta ce mutum fiye da miliyan 20 ne ke kwana a cikinsa. Ƙofar teku ta kawo masa arzikin da ya wuce misali. Ƙofar ruwan daɗi kuwa har yau ba ta wadatar da shi ba.

Wanda ya san Karachi ta kafafen labarai kaɗai zai ɗauka gari ne na rikicin ƙabilanci, da ambaliya, da zafin da ke kisa. Duk akwai su. Amma a ganina waɗannan rassa ne. Saiwar ita ce, wannan birni ne da ya yi ta karɓar miliyoyin baƙi ba tare da wata hukuma ta ɗauki nauyin zaunar da su ba, sai kowa ya koma wajen danginsa neman fili da ruwa da tsaro. Mazaunansa ba su ne ke mulkinsa ba, masu mulkinsa kuma ba daga gare shi suke samun ƙuri'unsu ba.

Mu fara da ƙasar kanta, domin tana da abin mamaki. Mutane da yawa suna zaton Karachi a bakin kogin Indus yake, kogin da ya raya Pakistan tun daga tsaunukan arewa har teku. Ba haka ba ne. Indus yana faɗawa Tekun Larabawa ne a kudu maso gabashin birnin, can nesa, inda ya rarrabu rassa-rassa cikin laka. Karachi kuwa a gefen hamada yake zaune, ƙasa ce busasshiya mai duwatsu, da tuddai daga arewa da yamma, da kogin Hub a kan iyakarsa da lardin Balochistan. Ruwan saman da yake samu a shekara bai cika wuce milimita 200 ba, kuma kusan duka yana zuba ne a watannin Yuli da Agusta. Kogunansa biyu, Lyari da Malir, kwari ne kawai a mafi yawan shekara. Babu abin da zai sa babban gari ya tsaya a irin wannan wuri in ban da abu ɗaya: wani lungu na teku da tsirin Manora ya kare daga igiyar ruwa, inda jirgi zai iya fakewa lafiya.

Nisansa da Indus ɗin nan shi ne sa'arsa. Tashoshin jiragen ruwan da aka gina a bakin kogin duk laka ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Haka Debal ta shuɗe, garin da Muhammad bin Ƙasim ya ci a farkon ƙarni na 8 ya buɗe wa Musulunci ƙofar Sindh, yankin da Karachi ke cikinsa. Tarihin da aka fi riƙewa ya ce a 1729 wasu 'yan kasuwa mabiya addinin Hindu suka baro tasharsu da yashi ya toshe, suka dawo kusa da wani ƙauyen masunta da ake kira Kolachi, sunan wata mata mai suna Mai Kolachi da labaran baka ke cewa ita ta kafa shi. Sarakunan Talpur na Sindh sun karɓe garin a 1795, suka gina ƙaramin sansani a Manora. Wannan sansanin ne jirgin yaƙin Birtaniya ya yi wa ruwan igwa a watan Fabrairun 1839, garin ya miƙa wuya. Bayan shekara huɗu, a 1843, Charles Napier ya murƙushe Talpur a yaƙin Miani, ya ɗauke hedikwatar Sindh daga Hyderabad ya kawo ta Karachi.

Akwai wani abu daga yaƙe-yaƙen wannan shekarar da ya kamata ɗan Afirka ya sani. Cikin kwamandojin da suka tsaya wa Turawa har mutuwa akwai Hoshu Sheedi, baƙar fata, wanda mutanen Sindh ke tunawa da shi har yau. Sheedi jama'a ce da kakanninsu suka fito daga gabashin Afirka, mafi yawansu ta hanyar cinikin bayi na Tekun Indiya. Zuriyarsu na nan a Karachi, musamman a Lyari, tsohuwar unguwar talakawa da suke zaune cuɗe da 'yan Baloch. A ƙasar da kurket ya zama kamar addini, Lyari ƙwallon ƙafa da dambe ta sani, kuma ɗanta Hussain Shah ne ya ciyo wa Pakistan lambar tagulla a damben gasar Olamfik ta 1988 a Seoul. A Manghopir kuma, arewacin birnin, akwai kabarin wani waliyyi da tafkin kadoji a gefensa, inda Sheedi ke taron shekara-shekara da manyan ganguna.

Turawa ba don son Karachi suka gina shi ba, don kaya suka gina shi. A 1861 suka shimfiɗa layin dogo zuwa Kotri a bakin Indus, daga baya ya zarce har Punjab. Yaƙin basasar Amurka ya katse audugar da masaƙun Ingila ke dogaro da ita, sai aka juyo kan ta Indiya. A 1869 aka buɗe mashigin Suez, nan take Karachi ya zama tashar Indiya mafi kusa da Turai. Da aka haƙa manyan magudanan ban ruwa a Punjab, alkama ta riƙa kwararowa ta jirgin ƙasa, har garin ya shiga sahun gaba a fitar da alkama a duk daular Birtaniya. Gine-ginen rawayan dutse na wancan zamani suna nan, irin su Frere Hall na 1865 da kasuwar Empress ta 1889. Mutanen da suka riƙe kasuwancin kuwa gauraye ne: 'yan Hindu na Sindh, da Parsi masu bin addinin Zartusht, da Musulmin Gujarat irin su Memon da Bohra da Khoja, da Kiristocin Goa, har da 'yar ƙaramar al'ummar Yahudawa mai wurin ibadarta. A gidan wani ɗan kasuwa Khoja aka haifi Muhammad Ali Jinnah a 1876. Zaɓaɓɓen magajin garin farko a 1933, Jamshed Nusserwanjee Mehta, Parsi ne.

Sai 1947 ta zo, kuma a nan ne labarin ya karye gida biyu. A ƙidayar 1941 mutanen Karachi ba su kai rabin miliyan ba. Kusan rabinsu 'yan Hindu ne, kuma kimanin kashi 60 cikin ɗari Sindhi ne harshensu na gida. Da aka raba Indiya aka kafa Pakistan, aka mai da Karachi babban birnin sabuwar ƙasa. Musulmi suka riƙa tururuwa daga Delhi, da Uttar Pradesh, da Bihar, da Gujarat, da Hyderabad ta Deccan, wasu ta jirgin ruwa daga Bombay, wasu ta ratsa hamadar Rajasthan. Bayan tarzomar watan Janairun 1948, 'yan Hindu suka kwashe nasu ya nasu suka tsallaka Indiya. Kafin 1951 jama'ar garin ta haura miliyan ɗaya. Musulmi sun zama kashi 96 cikin ɗari, masu jin Urdu sun kai rabi, masu Sindhi kuwa sun faɗo ƙasa da kashi goma. Cikin shekara huɗu kacal aka musanya mutanen gari guda. Ban san birane da yawa a duniya da hakan ta taɓa faruwa da su ba da wannan sauri.

Sunan da aka ba sababbin zuwan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe: Muhajir. An zaɓe shi ne da gangan, don a tuna wa kowa hijirar Makka zuwa Madina, a ce mutanen Sindh su zama Ansaru. Da farko an yi hakan da zuciya ɗaya. Amma Muhajiran nan da yawansu 'yan birni ne masu ilimin zamani, su suka cike ofisoshin gwamnati, harshensu na Urdu kuma ya zama harshen ƙasa. Mutumin Sindh ya wayi gari an cire Karachi daga lardinsa a 1948 an mai da shi yankin tarayya, jami'ar Sindh ta tashi ta koma Hyderabad, shi kuma ya zama baƙo a babban garin kakanninsa. Duk wanda zai yi wa rikicin Karachi adalci dole ya riƙe waɗannan raunuka biyu tare. Muhajir na cewa mu muka bar gidajenmu da kaburburan iyayenmu saboda Pakistan. Ɗan Sindh na cewa mu muka buɗe muku ƙofa, kuka zauna mana a zaure. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Rana ta fara juya wa Muhajirai baya ne da zuwan mulkin soja. A 1959 Janar Ayub Khan ya ɗauke babban birni zuwa Rawalpindi, kafin a gama gina Islamabad. Mulki ya tafi arewa, masana'antu da tashar jiragen ruwa da babban bankin ƙasa suka rage a Karachi. Masana'antun nan na unguwannin SITE da Landhi da Korangi suka jawo wani sabon ayari, 'yan Pashtun daga tsaunukan arewa maso yamma, waɗanda suka fara da leburanci da gadi, sannu a hankali suka mamaye harkar sufuri, daga manyan motocin kaya har ƙananan bas. Mutanen Punjab ma suka zo. Bayan ɓallewar Bangladesh a 1971 Biharawa masu jin Urdu da ke zaune can suka iso, bayan mamayar Tarayyar Sobiyet a Afganistan a 1979 'yan gudun hijira suka biyo, tare da su kuma bindiga da hodar iblis suka yi araha. Akwai 'yan Bengal da 'yan Rohingya masu yawa a unguwannin masunta, da yawansu an haife su a nan amma ba su da katin ɗan ƙasa. A ƙidayar 2023 masu Urdu sun kai kusan rabi, Pashto na biye da kimanin kashi 13, sai Sindhi, sai Punjabi. Ana yawan cewa 'yan Pashtun da ke Karachi sun fi na Peshawar, babban birnin lardinsu, yawa.

To ina duk waɗannan mutane suka kwana? Nan ne gizo ke saƙa. Gwamnati ba ta taɓa gina gidaje ko yanka filayen da suka kai ko kusa da buƙata ba. Wanda ya cike giɓin shi ne mutumin da suke kira dalal, wato dillali. Zai je bayan gari ya sami filin gwamnati, ya daidaita da ɗan sanda da ma'aikacin ofishin filaye, ya yanka shi ƙanana-ƙanana, ya sayar wa talaka da araha. Shi zai haɗa ka da mai buga bulo da zai ba ka bashi, shi zai kawo tankar ruwa, shi zai nemo layin bas. Irin waɗannan unguwanni su ake kira katchi abadi, abin da mu za mu ce awon igiya, kuma kusan rabin mutanen Karachi a cikinsu suke. Tunda takardar filinka ba ta da ƙarfi a kotu, abin da zai hana a tashe ka shi ne yawan 'yan uwanka a unguwar da jam'iyyar da ke tsaya muku. Ta haka ƙabila ta zama mai gida, ta zama hukumar ruwa, ta zama ofishin 'yan sanda.

Siyasa ta zo ta zuba wa wutar fetur. A 1972 majalisar Sindh ta ɗaukaka matsayin harshen Sindhi, aka yi tarzoma. Gwamnatin Zulfikar Ali Bhutto ta kuma tabbatar da tsarin kason guraben aiki da karatu, kashi 60 ga karkarar Sindh, kashi 40 ga birane. Ga ɗan ƙauyen Sindh wannan gyaran zalunci ne. Ga matashin Muhajir mai digiri kuwa, rufe ƙofa ne. Daga cikin irin waɗannan matasa Altaf Hussain ya kafa ƙungiyar ɗalibai a Jami'ar Karachi a 1978, wadda ta haifi jam'iyyar MQM ta Muhajirai a 1984. A watan Afrilun 1985 wata ƙaramar bas da ke tsere da 'yar uwarta don kwasar fasinja ta take wata ɗalibar kwaleji ta mutu. Fushin da ya tashi na haushin sufuri ne da kowa ya gaji da shi, amma da yake motocin na hannun 'yan Pashtun, cikin kwanaki ya rikiɗe ya zama faɗan Muhajir da Pashtun. A Disambar 1986 aka yi kisan gilla a unguwannin Qasba da Aligarh. Daga nan garin bai sake zama yadda yake ba.

Kusan shekara talatin MQM ta riƙe ƙuri'un Karachi. Ta ba 'ya'yan talakawa da matsakaita muryar da ba su taɓa samu ba a ƙasar da manyan masu gonaki ke juya siyasarta, wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa zamaninta ne aka saba da gawa a buhu, da bhatta, kuɗin tilas da ake karɓa a hannun 'yan kasuwa, da yajin aikin da ake rufe birni guda da shi cikin minti kaɗan. Altaf Hussain ya koma Landan a 1992, yana yi wa dubban mutane jawabi ta wayar tarho suna zaune a ƙasa suna saurare. Ba ita kaɗai ke da 'yan bindiga ba: sauran jam'iyyu na da nasu, Lyari na da gungunanta, daga baya 'yan Taliban suka samu gindin zama a wasu unguwannin gefe. A watan Satumbar 2013 aka ba Rangers, rundunar tsaro ta gwamnatin tarayya, wuƙa da nama, kashe-kashe suka ragu ƙwarai, ko da yake iyalai da dama har yau suna neman 'ya'yansu da aka ɗauke ba a sake ganinsu ba. A 2016 MQM ta dare.

Bindiga ta yi shiru, amma tambayar da ta haife ta tana nan: wa ke da Karachi? Majalisar birni ba ta iko da fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar garin. Sauran na hannun hukumomin barikin soja, da hukumar gidajen soja ta DHA, da hukumar tashar jiragen ruwa, da ta jiragen ƙasa, da gwamnatin lardi, da ta tarayya, kowa da dokarsa. Gwamnatin Sindh, wadda jam'iyyar PPP ta gidan Bhutto ke riƙe da ita tun 2008, ƙarfinta na karkara ne, kuma ta janye ruwa da shara da tsara gine-gine zuwa hannunta. Islamabad na karɓar haraji mai tsoka daga tashoshin jiragen ruwa biyu da bankuna da masaƙu. Saniya ce da kowa ke tatsa, ba mai ba ta dusa. Shi ya sa jirgin ƙasan da ke zaga birnin ya tsaya a 1999, kuma birni mai wannan girma bai sami layin bas na zamani ko ɗaya ba sai a ƙarshen 2021. Shi ya sa ko ƙidaya aka yi sai an yi rigima, domin kowane kai kujera ce a majalisa.

Abin da ya sa nake girmama mutanen garin nan shi ne yadda suka ƙi zama su jira. Abdul Sattar Edhi, ɗan Memon da ya yi hijira daga Gujarat a 1947 yana saurayi, ya buɗe ɗan ƙaramin ɗakin shan magani a Mithadar, waccan ƙofar ruwan daɗi. Daga tsohuwar mota guda ya gina rundunar motocin ɗaukar marasa lafiya da ta game ƙasar. Ya wanke gawarwakin da ba mai su da hannunsa, bai tambayi addini ko ƙabila ba. A ƙofar cibiyoyinsa akwai gadon jariri na ƙarfe a ƙarƙashin 'yar rumfa, da rubutu a kai ana roƙon duk wadda ta haifi abin da ba za ta iya riƙewa ba kada ta kashe, ta ajiye a nan ta tafi, ba mai bin sawunta. Ya rasu a 2016.

A Orangi kuma, ɗaya daga cikin manyan unguwannin awon igiya na duniya, wani dattijo mai suna Akhtar Hameed Khan ya fara wani aiki a 1980. Ya tarar ƙazanta na malala a lunguna, yara na ciwo, mutane na jiran gwamnatin da ba za ta zo ba. Sai ya ce kowane lungu, gida ashirin zuwa arba'in, su zaɓi mutum ɗaya a cikinsu, su yi karo-karo. Ma'aikatansa su auna gangaren ƙasa, su zana taswira, su ba da aron kayan aiki. Masu gida su haƙa rami da kansu, su binne bututu, kowa ya haɗa masansa da shi. Kuɗin bai kai ko kusa da abin da ɗan kwangila zai caja ba. Lungu ya ga na maƙwabcinsa ya bushe, shi ma ya tashi. A haka mafi yawan lungunan Orangi suka samu magudana da kuɗin aljihunsu.

Wadda ta gaje shi, Perween Rahman, masaniyar zanen gine-gine ce da aka haifa a Dhaka, ita ma ɓallewar Bangladesh a 1971 ce ta kawo ta. Ta ɗauki aikin zana taswirar tsofaffin ƙauyukan gefen birni don mazaunansu su sami takarda kafin masu ƙwacen fili su iso, ta kuma bi diddigin wuraren da ake fasa bututun gwamnati ana cika tankoki ana sayarwa. Ranar 13 ga Maris 2013 aka harbe ta a mota tana hanyar komawa gida.

Ruwan da ta bi sawunsa daga nesa yake zuwa. Mafi yawansa na Indus ne, ana tara shi a tafkin Keenjhar mai nisan fiye da kilomita 100, a turo shi ta tashar famfo ta Dhabeji, sai ɗan ƙari daga madatsar Hub in an yi damina mai kyau. Birnin na buƙatar kimanin galan miliyan 1,200 a kullum, abin da ke isowa kuwa bai wuce rabi da 'yan kai ba, kuma wani kaso na zurarewa ko a sace shi a hanya. A watan Yunin 2015, cikin azumi, zafi ya kai digiri 45, iskar teku da ke sanyaya garin da yamma ta ɗauke, wutar lantarki ta yi ta katsewa. Mutum fiye da 1,200 suka mutu cikin 'yan kwanaki, har ɗakin ajiye gawa na Edhi ya rasa wurin sawa. A Agustan 2020 kuma sai ga akasin haka: ruwan da ya fi na shekara guda ya sauka a yini ɗaya, magudanan da aka cike da shara da gine-gine suka ƙi ɗauka, unguwannin masu kuɗi na bakin teku ma suka nutse. Da aka tashi faɗaɗa kwarin Gujjar da na Orangi a shekarar da ta biyo, gidajen talakawa dubbai ne aka rushe.

Akwai wani babban aiki da ake kira K-IV, na jawo ƙarin ruwa daga Keenjhar, wanda aka yi ta ɗaga ranar kammala shi shekara da shekaru. Kafin ya iso, attajirin unguwar Defence yana buga waya a kawo masa tanka ya juye a rijiyar siminti ta ƙarƙashin gidansa. A Orangi kuwa akwai lungunan da famfo ke yin makonni bai ɗiga ba, in ya tashi zuwa kuma sau da yawa cikin dare yake zuwa. Wanda ya fara jin motsinsa a bututu sai ya ta da maƙwabta, a kunna injin zuƙo ruwa in akwai wuta, a jera durom da jarka da tukwane, kowa na sauri kafin ya ɗauke.